Ɗigon Babban Gida

Fa'izu mutum ne da ba ya iya shan ruwa sai ya tambayi kansa ko ya cancanci ruwan. A unguwar Takur, inda yake da ɗan shago yana gyaran waya, yana kuma haɗa wa 'yan kasuwar Dutse shafukan intanet, kowa ya san shi da wannan hali. Shi ne ya taɓa tare limamin unguwa bayan la'asar yana tambaya ko ya halatta mutum ya yi cajin waya da wutar masallaci, tunda wayar ba salla take yi ba. Liman ya ce ba komai. Fa'izu ya yi godiya, ya koma shago, ya zauna yana tunanin anya liman ya fahimci tambayar.

Ba makaranta ce ta koya masa kwamfuta ba. Da wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi ya koya, yana kallon bidiyo yana tsayarwa yana maimaitawa. Saboda haka duk abin da ya iya yana riƙe da shi ne kamar kayan aro, kullum yana jiran ranar da mai shi zai zo karɓa.

Damina ta yi tsaka sai ga kiran Ziyad, taubashinsa, ɗan wata gwaggonsa da ta rasu. A Kaduna aka haifi Ziyad, can yake aiki, kuma shi ne sakataren ƙungiyar zumuntar zuriyar Malam Julde, kakansu.

"Injiniyan gindin bishiya," in ji Ziyad, "taron bana ya matso. Bara ka san 'yan Abuja sun ɓace, sai a wani ƙauye suka ci tuwon mutanen da ba su sani ba. Ka saka mana taswira a shafin nan namu, irin wadda mutum zai danna ta kai shi har ƙofa."

Fa'izu ya ji daɗi, don a 'yan kwanakin nan ya gano wasu sababbin kayan aiki na saka taswira. Da can sai ka sha wuya. Yanzu 'yan layuka kaɗan za ka liƙa a shafi, sai ga duniya ta buɗe: ka ja ta da yatsa, ka matso da ita har ka ga rufin ɗaki, ka dasa ɗigo inda kake so mutane su je, ka zana musu hanya. Har murya kana iya sa wa, ta yi magana idan mutum ya iso wurin ɗigon.

"Wannan ai aikin shan shayi ne," ya ce. "A ina zan sa ɗigon?"

"A gida mana."

"Wane gida?"

"Gida dai, Malam. Gida nawa gare mu?" Ziyad ya kashe waya.

Gida biyu gare su, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyensu na bayan Miga ya sani. 'Ya'yan Malam Julde maza biyu suka rage. Baffa Hussaini shi ne babba, amma ya daɗe da fita ya gina nasa a bakin titi, kusa da garken shanunsa. Malam Gwadabe ƙane ne, amma shi ya zauna a gidan gado, shi ya gaji zauren mahaifinsu da buzunsa da makarantarsa. A al'adar gidan, inda baƙi suka fara sauka nan ne babban gida. Shekaru suna wurin wancan, gidan uba yana wurin wannan. Ba su taɓa yin faɗa ba. Da sun yi, da an sasanta su an huta.

Yadda dangi suke yi kuwa, kowa hanya yake ɗora wa laifi. Wanda ya zo ta titi ya fara sauka wurin Baffa Hussaini, in ya je wurin Malam ya ce hanya ce ta biyo da shi. Wanda ya zo ta gonaki ya faɗi haka a ɗaya gidan. A dafa abinci nan, a dafa can, a ci, a watse, ba wanda ya ce komai. "Ku zo gida" ta ishi kowa, domin kalma tana da faɗi. Ɗigo kuwa ba shi da shi.

Shi Fa'izu abin ya fi yi masa nauyi. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mutanen nan biyu suka raba rainonsa. A gidan Baffa Hussaini ya ci ya sha, shi ya ba shi karsanar da aka sayar ya buɗe shago. A gaban Malam Gwadabe ya yi karatu, kuma har yau Malam ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce masa Alaramma, don tsokana da ƙauna, tun ranar da ya gyara wa wani babba karatu yana ɗan mitsitsi. Fa'izu zai iya jure komai, ban da a ce shi ne ya nuna wa duniya wane ne ƙarami a cikinsu. Saboda wannan ma ya daɗe bai leƙa ƙauyen ba. Gaisuwar waya yake yi, yana ce wa kansa aiki ne ya yi yawa. Ko da babbar yayarsu, Gwaggo Safara'u, ta gama takaba a Garki aka ce ta dawo gida, bai tambayi wane gida ba. A ganinsa tambayar ma shiga tsakani ce.

Da yamma ya zauna a tsakar gida da kwamfuta a cinya, matarsa Afra'u tana tsinke zogale. Ya fara da ɗigo biyu. Sai na'urar ta jera su, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ya juya su, na ƙasa ya koma sama, matsalar tana nan inda take. Ya ce bari ya bambanta su da launi.

"Afra'u, ja da kore wanne ya fi daraja?"

"Abban Nuriyya, tambayar atamfa ce ko ta lahira?"

"Ɗigon Baffa da na Malam."

"Duk wanda ka ba ja zai ce ka mai da gidansa wurin haɗari."

"To duka su zama kore."

"Sai baƙo ya tsaya a titi yana istihara?" Ta watsa ganye a kwano. "Ka sa a gidan babba mana. Yaro ma ya san wa ake fara gaisarwa."

"Ba ki gane zurfin abin ba," in ji Fa'izu. Ya yi mata bayani a kan bambancin girman shekaru da girman wuri, ya kawo misalai, har ya taɓo abin da malamai suka ce game da adalci tsakanin masu haƙƙi biyu. Ta saurare shi har ta gama zogalen.

"Ni dai na ga mutum yana jin tsoro da Larabci," ta ce, ta shige kicin.

Washegari dabara ta faɗo masa, kuma ya ji ta kamar ilhama. A cikin kayan aikin akwai abin auna tazara. Ya ja layi daga zauren Malam zuwa ƙofar Baffa, ya nemi tsakiya daidai wa daida. Ya matso da hoton tauraron ɗan'adam. Ikon Allah, tsohuwar tsamiyar nan ce da suke hawa suna yara, da fili fetal a gefenta, ba gini ba shuka. Nan ya dasa ɗigon. Ya zana hanyar ta bi turbar amalanke da ta ratse daga titi kafin a kai gidan Baffa, yadda ba motar da za ta gifta ƙofar kowa. Kowa ya sauka a fili, daga nan ƙafarsa ta ɗauki alhakinsa.

Hoton fari fat yake, ba ko ɗigon kore, alamar da rani aka ɗauke shi. Wane ranin, Fa'izu bai tambaya ba. Mutumin da ya tuhumi wutar masallaci ya gaskata hoto daga sama ba tare da ya ce uffan ba.

Saura murya. Ya rufe shago don kada ƙarar babura ta shiga, ya gyara zama, ya ɗauki muryarsa har sai da ta fito da nauyin da yake so: "Assalamu alaikum. Barka da zuwa, kun iso babban gida." Ya ga kalmar ta dace, tunda fili ba na kowa ba ne, kowanne daga cikinsu zai iya cewa gidansa ake nufi. Ya tura wa Ziyad, Ziyad ya watsa a guruf ɗin dangi, aka yi ta sa masa albarka. Kwanakin nan Fa'izu har tafiyarsa ta sauya. Ya fara tunanin ko rubuta wani ɗan littafi zai yi a kan yadda fasaha take warware abin da ya gagari dattawa.

Ranar taro sun makara, don ya daɗe yana zaɓen hula: wadda Baffa ya ba shi ko wadda Malam ya ba shi. Ƙarshe ya sa wata tsohuwar hula da ya saya da kansa, wadda ta yi masa kaɗan. Ya goya Afra'u a babur, suka kama hanyar Miga, gero da dawa sun yi kore shar hagu da dama.

Tun daga turbar amalanke ya ga sawun tayoyi sun kwaɓa taɓo, zuciyarsa ta yi fari. Taswira ta yi aiki. Da suka karya kwana sai ya ga tsamiyar, ya ga motoci sun yi cirko-cirko a ƙarƙashinta. Ya kuma ga abin da ba ya cikin hoto: ɗaki guda na jan laka da rufin kwano, da dangar kara, da ɗan akurki. Filin nan fetal kuwa gonar kuɓewa ce da yakuwa, kuma a cikinta motocin suka tsaya. Wata doguwar mota ta 'yan Abuja ta kwanta a kan kunya kamar a gidanta.

Wata motar ta shigo bayansu, gilashinta a sauke. Daga ciki Fa'izu ya ji kansa, da muryar nan mai nauyi, yana cewa, "Barka da zuwa, kun iso babban gida."

A ƙofar ɗakin wata tsohuwa ce zaune a kan kujerar tsugunno, mata sun kewaye ta, maza suna durƙusawa suna gaishe ta. Ziyad ya taho da gudu ya rungume shi.

"Kai, ashe kai shu'umi ne! Ka san ba wanda ya tuna Gwaggo ce babbarsu? Kowa sai yabonka yake, an ce wannan hikima sai jinin Malam Julde."

Fa'izu ya buɗe baki zai musa, sai wata tambaya ta faɗo masa: shin yabon da mutum bai nema ba, bai kuma cancanta ba, wajibi ne ya mayar, ko kuwa kamar tsintuwa yake? Bai gama ba ya ji an ce, "Ku matsa mini in ga mai muryar."

Ya je ya durƙusa. "Gwaggo, ina wuni. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, sai kuɓewata da ba ta ji daɗin ganinku ba." Gwaggo Safara'u ta ƙare masa kallo. "Tun hantsi kake yi mini maraba a cikin motocin mutane. Na ce wannan murya ta ɗan marigayi ce, amma shi jikinsa ya manta hanya. Tashi mu je ka ga aikinka."

Ta dogara sanda ta ja shi bayan danga, inda ba mai jin su. Ta nuna masa kuɓewar da aka tattake, wasu har sun fara ɗiya.

"Ka san ina nan?"

Ya duba ƙasa. "Ban sani ba, Gwaggo. A hoto fili ne."

"Na san ba ka sani ba. Tsakiya ka nema." Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Da na dawo daga Garki, Hussaini ya gyara mini ɗaki, Gwadabe ma ya gyara ɗakin Innarmu. Na zo gindin tsamiyar nan na duba gabas na duba yamma, na ce a kafa mini nan. Ni da ƙafa na auna, kai da na'ura, ga shi mun haɗu."

Fa'izu ya ji wani iri. Ita kaɗai ta rage a duniya da take kiran sunayen nan haka tsirara, ba Baffa ba Malam.

"To ai ke ma hikima kika yi, Gwaggo."

"Hikimar gidanku. Ni na tsufa, an yafe mini. Kai da sauranka." Ta nuna gabas da sanda, ta nuna yamma. "Hussaini ya shimfiɗa tabarmi tun safe. Gwadabe ya sa an yi shinkafa. Suna zaune suna jin ƙarar motoci, ba wanda ya leƙa su. Ka ce ba ka son ɓata wa ɗaya, ga shi ka haɗa su biyun ka ba su kunya. Ni kuma tukunyata ta mutum ɗaya ce. Je ka kira su."

"Wa zan fara kira?"

"Tambayi wayarka," ta ce, ta juya ta koma wurin baƙinta.

Ya tsaya a kan turbar da ta haɗa gidajen biyu. Sai wata dabarar ta sake zuwa. Ya yafito Afra'u, ya ce ta ara masa wayarta, zai kira su duka a lokaci guda, ɗaya a kowane kunne.

"Dattawan da suka raine ka za ka kira a waya kamar masu kawo ruwa?" Ta ɓoye wayar a cikin mayafi. "Abban Nuriyya, ƙafa biyu gare ka, amma wuri ɗaya suke zuwa. Mutane suna jin yunwa."

Ya daɗe a tsaye, hular tana matse masa kai. Ya nemi hujjojin nan nasa na girman shekaru da girman wuri, ya same su duk suna nan, ba wadda ta rinjayi wata. Abin da ya rage masa shi ne abin da Afra'u ta faɗa tana tsinke zogale, wanda yaro ma ya sani. Ya ji haushin hakan ƙwarai. Ya juya yamma, wajen titi.

Baffa Hussaini yana zaune cikin babbar riga a gaban tabarmi da ba kowa a kai, ga ƙoren fura da nono an rufe da faifai. Fa'izu ya cire takalmi ya durƙusa, ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya faru ba ƙari.

"An ce ka mai da gidan ubanmu gindin tsamiya," in ji Baffa. "Ka je wurin Malam?"

"Nan na fara zuwa, Baffa."

Tsohon ya shafa gemu. Wani abu ya motsa a fuskarsa ya ɓoye shi da tari. "Yaya ce ta aiko ka?"

"Ita ce."

"In ta kira ai ba a zama." Ya laluba sandarsa. "Maza ka je wurinsa, kada ya ji a bakin wani."

Fa'izu ya koma ta turbar, ya wuce tsamiya bai kalli kowa ba, ya isa gidan gado yana haki. Malam Gwadabe yana kan buzun mahaifinsa a zaure, carbi a hannu. Ƙofar zauren tana kallon turbar, duk wanda ya bi ta ana ganinsa tun daga nesa, da inda ya nufa.

Ya amsa gaisuwa har ƙarshenta, bai rage komai ba. Sannan ya ce, "Ka biya can."

"Na biya, Malam."

Carbin ya ci gaba da tafiya. Fa'izu ya shirya jawabi a hanya, mai gabatarwa da dalilai, amma ya ji in ya fara shi zai zama ƙarya ko da kowace kalma gaskiya ce. Ya haɗiye jawabin.

"Yayana ne," in ji Malam a ƙarshe. "Ba ka yi laifi ba, Fa'izu."

Fa'izu. Ba Alaramma ba. Da mari ne da ya fi sauƙi. Ya tsaya yana jiran ko za a gyara, ba a gyara ba. Malam ya miƙe ya sa takalmi, ya leƙa cikin gida ya yi magana, aka fito da wani ƙaton daro na shinkafa an ɗaure bakinsa da zane.

"Abincin nan ba zai tafi da ƙafarsa ba," ya ce. "Kai ka kai baƙin can, kai za ka kai musu."

Haka Fa'izu ya cusa hularsa a aljihu, ya yi gammo, ya ɗora daron a ka. Zafinsa yana ratsa gammon, mai yana biyo masa ƙeya. Malam yana gaba, shi yana baya, a kan turbar da ya auna daga Takur bai taka ba. Suna isowa Baffa Hussaini ma yana isowa daga yamma, mata biye da shi da ƙoren fura. Jama'a suka miƙe. 'Yan'uwan biyu suka tsaya a gaban yayarsu, kowa yana jiran ya ga wa zai fara magana.

Wayar da ke aljihun Fa'izu ce ta fara. "Assalamu alaikum," ta ce da murya mai nauyi. "Barka da zuwa, kun iso babban gida."

Hannayensa biyu suna riƙe da daro, ba halin kashe ta.

"Kun dai ji," in ji Gwaggo Safara'u. "Ba ni na faɗa ba."

Dariya ta ɓarke, Baffa Hussaini har da riƙe sanda da hannu biyu. Malam Gwadabe bai yi dariya ba, amma ya jira yayansa ya zauna, sannan ya zauna a gefensa, tabarma ɗaya.

"Sauke mana," ya ce, bai ɗaga kai ba, bai kuma kira shi da kowane suna ba.

Fa'izu ya sauke daron a gaban Baffa Hussaini. Sai da ya miƙe ya lura bai yi tunani ba kafin ya yi, ya fara tunanin ko ya kamata ya yi tunani. Baffa ya tura daron wajen ƙanensa, Malam ya kwance zanen.

Bai samu ya ci ba. Gwaggo ta miƙa masa fartanya, ta ce duk kuɓewar da ke da sauran rai a tashe ta. Aka janye motoci, ya naɗe hannun riga ya shiga kunya. Rashin kiran sunan nan yana ta yi masa yawo a kai: ko Malam yana hanyar hucewa ne, ko kuwa Alaramma ya tafi ke nan. Ba shi da wanda zai tambaya, kuma wannan karon ya san ba dabarar da za ta amsa masa, sai dai ya riƙa zuwa yana durƙusawa a zauren har ya ji.

Gonar ta ɗan zarce inda ɗigon ya tsaya. Duk sanda ya kai ƙarshen kunya ya juyo, sai wayar ta ɗauka yanzu ya iso, ta sake yi masa barka da zuwa.